Yadda ake haɗa akwatin akirilik mai ɗaki uku na ɗiga sinadarai a tankin murjani

Duk wanda ya fara kiwon murjani mai rai a tankin ruwan gishiri, ba zai yi wata uku ba sai ya lura ruwan nasa yana ramewa. Kifi ba ruwansu da wannan. Murjani mai tauri kuwa, irin su Acropora da Montipora, dare da rana gina ƙashinsa yake yi, kuma tubalin ginin daga cikin ruwan yake zaƙulowa, wato kalsiyam da kabonet. Jan murjanin nan da iyayenmu mata ke sawa a wuya ma ƙashin wata dabbar teku ne ta wannan dangi. A teku kayan ginin ba sa ƙarewa. A tanki mai lita 200, abin da aka ci yau sai an mayar gobe.

Da sirinji na fara mayar da sinadaran, safe da yamma, har na gaji da mantuwa da tafiye-tafiye. Daga nan na koma haɗa akwatin akirilik, wato robar nan mai tauri mai kama da gilashi, da zai riƙe sinadaran, famfo ya riƙa ɗigawa da kansa. Na farko da na yi da gam ɗin silikon na manna shi, irin wanda ake haɗa tankin gilashi da shi. Sati biyu ya yi, na buɗe kabad ɗin tanki da safe na tarar ɗakuna biyu sun zama fari fat kamar an dama nono. Silikon ba ya kama akirilik, kwanciya kawai yake yi a kansa. Tun daga ranar na koyi yin abin yadda ya kamata, kuma na haɗa wa kaina da abokai da dama.

Aikin akwatin ba shi da wuyar fahimta. Ɗaki ɗaya na ruwan kalsiyam ne, na biyu na ruwan soda mai ɗaga alkaliniti, wato yawan kabonet a ruwa, na uku na magnisiyam. Daga kowane ɗaki siririn tiyo zai tashi zuwa kan famfonsa. Idan ruwan kalsiyam mai ƙarfi ya gamu da ruwan soda mai ƙarfi, nan take suke komawa alli, ba su da sauran amfani. Don haka duk wahalar da za ka sha a kan abu guda take: kada ɗigo ɗaya ya ƙetara daga wannan ɗaki zuwa wancan. A Turai an fi sanin tsarin da sunan Hans-Werner Balling, Bajamushen da ya yaɗa shi a shekarun 1990. Ma'aunin haɗin da zan kawo a gaba kuwa na Randy Holmes-Farley ne, masanin sinadarai a Amurka.

Gaskiya jarkoki uku masu tsabta ma za su yi aikin. Abin da akwatin ya fi su shi ne yana shiga lungun kabad daidai, kuma kallo ɗaya za ka san abin da ya rage.

Kayan da za ka tanada

Fallen akirilik mai kaurin milimita 6. Masu yin allunan talla sun fi kiransa Perspex, kuma a wurinsu za ka fi samunsa da sauƙi, wani lokaci ma ragowar yanka ta ishe ka. Iri biyu ne: wanda aka zuba a mazubi, da wanda aka tura ta inji. Na zubi ya fi tsada amma ya fi jure huda da ruwan walda, ba ya saurin tsagewa. Idan na turi kaɗai ka samu, zai yi wa ƙaramin akwati irin wannan, sai dai ka ƙara lallaɓa shi wajen huda. Ka tabbata akirilik aka ba ka, domin akwai wasu robobin masu kama da shi da ba sa haɗuwa iri ɗaya.

Ruwan walda. Ba gam ba ne, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya, sa'an nan ya bushe ya tafi. Wanda aka fi sani shi ne Weld-On 4, mai ruwa-ruwa, da Weld-On 16 mai kauri na toshe ƙananan kafofi. Idan babu, masu allon talla suna aiki da kulorofom ko daikuloromitan zalla, kuma suna yi.

Sai sirinji da siririyar allura doguwa, sukwaya ta kafinta, samfefa mai lamba 220 da 320, guntun gilashi ko tayil mai santsi, salatif na takarda, injin huda, guntayen katako biyu masu faɗin milimita 100 cif, tabarau na kare ido, da sikelin kicin mai auna giram.

Na ɓangaren ruwa: tiyon matatar ruwa mai kwata inci, mahaɗin roba uku masu goro na ratsa murfi, sandunan tiyo masu tauri uku, da famfo mai kai uku ko huɗu irin wanda ke matsa tiyo yana tura ruwa. Jebao da Kamoer suna cikin waɗanda ake yawan gani. Kada tagulla ko jan ƙarfe su zauna ko'ina da ruwa zai taɓa, ko da ƙaramin kusa ne. Jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande.

1. Awo da yanka

Ga awon da nake bi, duk da milimita:

Gaba da baya: 324 × 250, guda biyu.
Gefuna biyu da shamaki biyu na tsakiya: 138 × 250, guda huɗu.
Gindi: 330 × 156, guda ɗaya.
Murfi: 108 × 150, guda uku.

Da wannan kowane ɗaki zai zama 100 × 138 a ciki. Idan ka cika shi zuwa santimita 22 ya ɗauki lita uku da ɗan ɗoriya. Gindin na sa ya fi jikin akwatin girma da milimita 3 ta kowane gefe da gangan, don ruwan walda ya sami inda zai tsaya, kuma ka sami damar gyara zama.

Kafin a yanka ka auna kaurin fallen da kanka. Abin da aka rubuta 6 sau da yawa ba 6 ba ne cif, musamman na zubi. Idan ya gaza ko ya ɗara, sai ka gyara lissafin.

Yankan ya fi kyau a teburin zarto na kafinta, da faifai mai ƙananan haƙora da yawa. Ka roƙe shi ya yanka guda huɗun nan masu faɗin 138 a saiti ɗaya ba tare da ya taɓa ma'aunin injin ba. Ko rabin milimita ɗaya ya gaza 'yan'uwansa, nan ne yoyo zai fito. Masu yanka da leza suna ba da baki mai ƙyalli mai ɗaukar ido, amma ban cika so ba. Zafin leza yana barin gajiya a cikin robar, da ruwan walda ya taɓa sai ka ga ƙananan tsaga sun bazu kamar saƙar gizo, kuma bakin yakan ɗan karkace. In dole ne, ka sa a ƙara milimita ɗaya ka goge bakin gaba ɗaya da samfefa.

Takardar da ke manne a jikin fallen ka bar ta tukuna.

2. Gyaran baki

Nan ne aikin yake. Wanda ya yi gaggawa a nan zai biya a gaba.

Ruwan walda mai ruwa-ruwa ba ya cike gurbi ko kaɗan. Inda fuskoki biyu suka taɓa juna nan kaɗai yake haɗawa, inda sawun zarto ya bar rami kuma iska ce za ta zauna. Don haka kowane bakin da zai zauna a kan wani falle sai ya zama shimfiɗaɗɗe, a miƙe, kusurwarsa daidai da sukwaya.

Manna samfefa mai lamba 220 a kan gilashin da salatif, ka ajiye a tebur. Haɗa guda huɗun nan wuri ɗaya kamar littafi, ka ɗaure su da salatif, ka tsayar da su a kan samfefar ka riƙa turawa gaba da baya. Haɗa su da ka yi yana da amfani biyu: faɗinsu zai fito ɗaya, kuma kaurinsu zai hana hannunka lanƙwasa bakin. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya riƙe samfefa a hannu yana goga bakin falle. Yatsa taushi gare shi, sai ya mayar da bakin kamar bayan kifi, tsakiya a tashe gefuna a kwance. Irin wannan bakin ba ya taɓa haɗuwa da kyau.

Dabarar da ke taimaka mini ita ce in ja layi da fensir a tsawon bakin kafin in fara. Idan layin ya goge baki ɗaya, babu inda ya rage, to bakin ya daidaita. Daga nan ka koma lamba 320 ka yi 'yan zagaye. Abin da kake nema baki ne mai dishi-dishi mai santsi, ba mai ƙyalli ba. Kada ka goge shi har ya yi sheƙi, kada kuma ka gasa shi da wuta don ya yi kyau.

Share ƙurar da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, ka bari ya bushe sarai. Kada ka yi amfani da sifirit, yana tsattsaga akirilik, musamman a bakin da ya sha zafi. Sa'an nan ka ɓare takardar kariya kamar santimita biyu daga duk inda za a haɗa. Idan ka bar ta har baki, ruwan walda zai bi ƙarƙashinta ya ɓata fuskar.

Jera komai a bushe da salatif, ka ɗaga wajen haske ka duba. Inda haske ya ratsa tsakanin baki da falle, koma kan samfefa.

3. Walda

Da farko maganar lafiya. Ruwan nan tururinsa yana sa jiri da ciwon kai, yawan shaƙarsa yana illa ga hanta, kuma yana ratsa safar hannu ta roba cikin ɗan lokaci. A tsakar gida ko baranda ake aikin, nesa da wuta da yara, da tabarau a ido. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: daikuloromitan, wanda shi ne jigon yawancin ruwan waldar nan, yana tafasa ne a wajen digiri 40. Rana tsaka a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, kafin ya gama bin layin ya riga ya tsere. Ni da sassafe nake yi, kwalbar tana cikin inuwa a rufe. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai ka share baki dab da za ka haɗa.

Dasashe tsinin allurar a kan samfefa don kada ta karce robar ko ta soke ka. Baƙar robar da ke cikin sirinji tana kumbura idan ta daɗe a ruwan, saboda haka ka ajiye sirinji biyu ko uku. Ka fara gwada hannu a kan ragowar yanka har sau uku ko huɗu.

Ka'idar ita ce kullum mahaɗar ta kasance a kwance, falle ɗaya a shimfiɗe, ɗayan a tsaye a kansa. Shimfiɗa fallen baya a tebur mai daidai. Tsayar da gefe na farko a bakinsa, ka tokare shi da sukwaya. Kawo bakin allura cikin kusurwar, ka matsa a hankali kana ja. Za ka ga ruwan ya shige ƙarƙashin bakin da kansa, wurin yana sauya launi daga dishi-dishi zuwa garau. Ka bi shi har ƙarshe ba tare da ka tsaya ba. Ɗan danna daga sama kaɗan, ka riƙe minti biyu zuwa uku. Dannawa da ƙarfi tana matso narkakkiyar robar waje ta bar mahaɗar a bushe.

Idan kana son mahaɗa marar kumfa, akwai dabarar sili. Zare 'yan silin waya daga cikin wayar lantarki, ka saka su ƙarƙashin bakin, tazarar kamar santimita goma, su ɗan ɗaga shi. Cika gurbin da ruwan walda, ka ƙirga kamar daƙiƙa ashirin zuwa talatin, ka zare silin ɗaya bayan ɗaya, fallen ya sauka a kan robar da ta yi laushi. Ka tabbata ba guntun da ya karye ya maƙale, tunda jan ƙarfe ne. A kan shamakin tsakiya ba na tsallake wannan dabarar.

Idan ɗigo ya faɗi a fuskar falle, kada ka share. Bar shi ya bushe, tabon da zai bari kaɗan ne. Sharewa ce ke mayar da shi babban tabo.

Bayan gefen farko ya kama, ajiye guntayen katakon nan masu faɗin 100 a jikinsa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka jingina shamaki na farko. Janye katakon daga kusurwar kaɗan don kada ruwa ya taɓa shi. Haka za ka bi har guda huɗun su tsaya. Ka lura ƙasansu duka ya zo layi ɗaya da ƙasan fallen baya. Bar shi awa uku ko huɗu.

Yanzu shimfiɗa fallen gaba, ka kifa abin da ka haɗa a kansa. Tunda sama da ƙasa a buɗe suke, allura za ta isa kowace mahaɗa ta ɓangarori biyu. Wannan ne dalilin da ya sa gindi yake zuwa a ƙarshe. Bari ya kwana.

Washegari ka shimfiɗa samfefa babba a kan gilashi, ka ɗora ƙasan akwatin gaba ɗaya ka goge har bakuna shidan su zama daidai, da gwajin fensir kamar ɗazu. Share, ɗora a kan gindin, ka fara da shamakin tsakiya ta ciki, sa'an nan ka zagaye waje. Isa ƙasan ɗaki mai zurfin santimita 25 da hannu yana da ɗan wuya. Ni nakan ɗaure sirinjin a jikin sanda, ko in ɗiga ruwan a kusurwa in ɗan karkata teburin ya gangara. Ɗora littattafai biyu ko uku a sama, ka ƙyale shi kwana biyu cur kafin ya ga ruwa.

4. Gwajin yoyo

Ba cika duka ɗakunan ake yi lokaci ɗaya ba, domin hakan yoyon waje kawai zai nuna maka. Ajiye akwatin a kan tsohuwar jarida, ka cika ɗakin tsakiya kaɗai da ruwa mai launi. Kalar abinci ta yi, ruwan zoɓo ma na taɓa sawa. Saka farar takarda a ƙasan ɗakunan gefe, ka bar shi yini da kwana. Idan takardun sun tashi a bushe, juye, ka cika na gefe biyun ka sake jira.

In ka ga yoyo, yi wa wurin alama ta waje, ka zubar, ka bari ya bushe sosai kwana ɗaya. Ja Weld-On 16 a kusurwar ta ciki. Idan ba ka da shi, zuba garin yankan akirilik mai tsabta a ƙaramar kwalbar gilashi, ka rufe shi da ruwan walda, ka toshe ya kwana. Zai zama kamar zuma, kuma aikinsu ɗaya. Yoyon da ya yi yawa kuwa sai ka yanka siririn sanda na akirilik ka yi masa walda a tsawon kusurwar. Kada zuciya ta raya maka silikon.

Da ya ci gwaji, wanke shi da ruwa zalla sau da yawa. Sa'an nan ka riƙa zuba rabin lita kana ja layi a jikin gaba da alƙalamin da ba ya gogewa, har sama.

5. Murfi da sandar zuƙo

Murfi uku nake yi ba ɗaya ba, don in ina cika ɗaki guda sauran su kasance a rufe. A kowane murfi huda biyu: babba daidai da zaren mahaɗin robar, da ƙarama mai milimita 2 ta shigar iska. Wanda ya manta ƙaramar, in murfin ya zauna daram, famfo zai yi ta zuƙa yana rage abin da yake bayarwa.

Akirilik yana fashewa wajen huda idan bakin injin ya cafke shi. Sa katako a ƙasa, ka fara da ƙaramin baki, ka tafi a hankali, ka sassauta hannu dab da zai ɓulla. Bakin huda mai hawa-hawa kamar matakala ya fi kowanne. In na ƙarfe ne kaɗai gare ka, ɗan dasashe kaifinsa da magagari, kana ɗiga ruwa don kada robar ta narke.

A ƙarƙashin murfin ka yi waldar 'yan guntaye biyu da za su shige cikin ɗakin su hana shi zamewa. A samansa kuma ka tsayar da siririn falle a tsawonsa. Akirilik yana shan danshi, murfin da ke kan ruwa yakan bankare da kwana, wannan ƙashin bayan ne zai rage masa, kuma ya zama mariƙi.

Ɗaura mahaɗin, ka cusa sandar tauri ta ƙasa. Yanke ƙarshenta a karkace, ta tsaya santimita ɗaya sama da gindi don kada ta manne ko ta zuƙi laka. Idan ba ka sami mahaɗin ba, huda ramin da ya ɗan gaza kaurin tiyon, ka ja tiyon ta ciki da ƙarfi, ka cusa sandar a bakinsa. Rubuta sunan kowane sinadari a murfi, a jikin ɗaki, da kuma ƙarshen tiyo biyu.

6. Mariƙin tiyo

Da ragowar yanka ka haɗa ɗan abu mai kama da sirdi da zai hau bakin ƙaramin tankin tace ruwa na cikin kabad, da leɓe mai huda uku, tazarar santimita uku ko fiye. Bakin tiyo ya tsaya kamar santimita biyar sama da ruwa, a inda ruwa ke gudu sosai. Idan ya nutse, alli zai toshe shi, kuma ruwan tanki zai iya komowa ta ciki.

7. Haɗa sinadaran

Ba a cikin akwatin ake damawa ba. Kalsiyam kulorayid yana zafi sosai idan ya shiga ruwa, zafin zai iya gajiyar da mahaɗa. Dama a jarka, ya huce, sa'an nan ka juye. Ruwan kuma na matatar RO ne, mai cire gishiri da sinadaran da suka narke a ruwa, wanda ma'aunin TDS mai auna ragowarsu ya nuna sifili ko kusa, ba na rijiya ko na leda ba.

Na kalsiyam: giram 132 na kalsiyam kulorayid mai ruwa a jikinsa, wanda ake kira dihydrate, irin ɓarzajjen nan, a ƙara ruwa har ya cika lita ɗaya. In busasshen ne sarai, giram 100 ya isa.

Na alkaliniti: auna giram 157 na bekin soda, ka baza a tire, ka gasa a obin a digiri 150 na awa ɗaya. Zai rage nauyi zuwa wajen giram 100, ya koma sodiyam kabonet. Narkar da shi ya cika lita ɗaya. Bekin soda fa, ba hodar tashin kek ba, wannan tana da gari da wasu abubuwa a ciki. Idan ba ka da obin, narkar da giram 78 a lita ba gashi, ka rage na kalsiyam ma zuwa rabi, sai ka ninka abin da kake ɗigawa. Wani zai ce ai kanwa 'yar gidansu ce. Haka ne, amma tana tafe da ƙasa da gishiri iri-iri da ba wanda ya auna, ba ta shiga tanki.

Na magnisiyam: kofi biyar na magnisiyam kulorayid da kofi uku na gishirin Epsom, wato magnisiyam salfet, kofi mai mililita 240, a cika ruwa zuwa lita 3.8. Wannan kaɗan ake sha, kamar mililita 160 duk lokacin da lita ɗaya ta kowanne cikin biyun farko ta ƙare, rabin haka in haɗin da ba gashi kake bi.

8. Zama, auna famfo da lissafin ɗigo

Akwatin ya zauna ƙasa da bakin tiyon da ke ɗiga, famfo kuma a samansa. Idan akwatin ya fi bakin tsayi, ranar da tiyon cikin famfo ya saki, lita uku za su gangara tanki da kansu, kuma ruwan soda mai yawa haka zai kashe komai.

Kunna kowane kai har iska ta fita daga tiyo. Sa'an nan ka umarce shi ya ba da mililita 50 a cikin kofin awo, ka ga abin da ya fito da gaske, ka gyara saitin. Kada ka yarda da lambar da ke kan allonsa sai ka gani da idonka.

Abin da ake nema a tanki shi ne kalsiyam tsakanin 400 da 450 ppm (kusan miligiram a kowace lita), alkaliniti 7 zuwa 9 dKH, magnisiyam 1250 zuwa 1350 ppm. Don ka san cin tankinka, auna alkaliniti yau, ka daina ƙara komai, ka sake aunawa bayan kwana uku a daidai wannan lokacin, ka raba bambancin uku. Mililita 10 na ruwan sodan da aka gasa yana ɗaga lita 100 da kusan rabin dKH. Ke nan tanki mai lita 200 da ke cin rabin dKH a rana yana son wajen mililita 20 na soda, da 20 na kalsiyam, tunda an haɗa su ne su tafi kafaɗa da kafaɗa. A haka cikin akwati ɗaya zai kai ka wata biyar.

Raba adadin gida huɗu ko fiye a rana. Tsakanin soda da kalsiyam ka bar aƙalla rabin awa. Sodan ya fi dacewa da dare da asuba, lokacin da pH ɗin tanki yake ƙasa, wato ruwan ya ɗan karkata zuwa tsami. In alkaliniti ya faɗi da yawa, kada ka ɗaga shi fiye da dKH ɗaya a rana.

Maganar ɗauke wuta tana da tarko. Idan ka jona famfon ɗiga a inbata amma babban famfon da ke juya ruwa yana kan wutar gari, za a yi ta ɗiga sinadari cikin ruwan da ke tsaye, wuta na dawowa ya tafi tanki a dunƙule. Ka sa su a layi ɗaya, su mutu tare su tashi tare. Kuma duk bayan ɗaukewa ka leƙa agogon famfon, wasu suna rikicewa.

Wanda bai sayi famfo ba tukuna zai iya farawa da tiyon ƙarin ruwa na asibiti, sabo, wanda yawanci ɗigo 20 ne mililita ɗaya. Amma kada ka jona shi da akwatin kai tsaye. Ɗebi na rana ɗaya, ka sirka da ruwan RO a ƙaramar gora, ka rataye ta sama da tankin tacewa ta ɗiga. Ko maƙullin ya kwance, abin da zai zuba bai wuce na ranar ba. Soda da kalsiyam kowanne da gorarsa da tiyonsa.

9. Satin farko da bayansa

Sati na farko ka auna alkaliniti kullum a lokaci guda, kana ƙara ko rage mililita biyu-biyu har lambar ta tsaya. Daga nan sau ɗaya ko biyu a sati ya isa, kalsiyam da magnisiyam kuma duk sati biyu. Cin zai ƙaru yayin da murjani ke girma.

Ka sa ido a kan gishirin tanki. Sodiyam ɗin soda da kulorayid ɗin kalsiyam suna taruwa su zama gishiri, a hankali ma'aunin gishirin ruwa ya haura 1.026. In ya haura, ɗebe ruwan tanki kaɗan ka mayar da na RO.

Bakin tiyon soda yakan yi farin ɓawo, sai ka murje shi da yatsa duk sati. Duk wata uku ka sake gwada famfo da kofin awo, domin tiyon cikinsa yana gajiya. Idan dare ya yi sanyi lokacin hunturu ka ga ƙanƙarar soda ta kwanta a gindin ɗaki, juye ruwan a jarka, ka tsoma jarkar a ruwan ɗumi ka girgiza har ta narke, ka bari ya huce kafin ka mayar.